Tsibirin Gobir: Garin da Ruwa Ya Tsare, Ruwa Ya Tayar

Kwanan baya na ɗauki ɗana a babur muka tafi Tsibiri gaishe da dangin mahaifiyata. Daga Maraɗi tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba, kilomita goma da 'yan kai ce. Da muka iso bakin gari sai ya ɗaga kai ya karanta allon da ke gefen hanya, ya ce, "Baba, an rubuta Tibiri, ku kuma kuna cewa Tsibiri. A lakwal an koya mana tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye. To ina ruwan yake?" Na duba gabas na duba yamma, ban ga komai ba sai yashi da itatuwan dogon yaro da amalanken jakai. Na ce masa ya bari sai mun koma gida. Mun koma, hidima ta sha kaina, ban ba shi amsa ba. Wannan rubutu bashin da na ci ne nake biya, gare shi da sauran yaran da za su yi irin tambayarsa.

Da farko dai, harafin da ya ɓace a allon nan aikin Nasara ne. Bafaranshe ya rubuta abin da kunnensa ya iya kamawa, kamar yadda ya mai da Tasawa Tessaoua, ya mai da Jiratawa Djiratawa. A bakinmu Tsibiri take, Tsibirin Gobir. Na biyu kuma, garin da muka tsaya a bakinsa ba shi ne Tsibirin farko ba. Na farkon yana can gangare, cikin fadamar Gulbin Maraɗi, inda yau ake noman dawa da taba da tumatir. Tsofaffinmu sun ce da damina ruwan gulbi kan malala ya kewaye wurin, ga kurmi mai duhu da sarƙaƙiya wanda doki ba ya ratsawa da sauƙi. Waɗanda suka zaɓi wannan wuri sun san abin da suke gudu.

Abin da suke gudu ya faro ne tun daga Alƙalawa, babban birnin Gobir na zamanin Bawa Jan Gwarzo. Kowa ya san labarin yadda tsakanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Sarkin Gobir Yunfa ya ɓaci, aka yi karon Tabkin Kwatto a 1804, har Alƙalawa ta faɗi a 1808 aka kashe Yunfa. Littattafan makaranta yawanci a nan suke rufe babin Gobir, kamar dai da faɗuwar birnin mutanen ma sun ƙare. Ba su ƙare ba. Gidan sarautar ya yi kusan shekara talatin yana yawo daga wannan sansani zuwa wancan, yau a yi sulhu da Sakkwato, gobe a warware.

A daidai wannan lokaci irin haka ta faru da Katsina. Mayaƙan jihadi sun ci birnin, Sarki Magajin Halidu ya rasa ransa a Ɗankama, ragowar gidan sarautar suka yi arewa zuwa Damagaram ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Bayan shekaru suka gangaro fadamar Gulbi, suka haɗa kai da mutanen ƙasa da ke zaune a nan tun fil azal, suka kori wakilin Fulani, suka kafa gadonsu a Maraɗi wajajen 1819. Shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, shi ya sa kuma mu Maraɗawa Katsinawa ne ko da ba mu taɓa kwana a Katsina ba.

A 1836 aka yi karon da ya haifi Tsibiri. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda da wasu Buzaye suka haɗa runduna, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tare su a Gawakuke, ya yi musu mummunan kaye. Ali da Rauda duk a nan suka kwanta dama. Gobirawan da suka tsira suka rasa inda za su sa kansu. Sai Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda, ya buɗe musu ƙofa, Mayaƙi ɗan Yakuba ya kafa sabon gari a gefen Maraɗi, cikin ruwa da kurmi. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin zan dawo kansa: Tsibiri garin 'yan gudun hijira ne, kuma maƙwabci ne ya ba su masauki a lokacin da shi kansa yake zaman makoki.

Daga nan fadamar ta zama tsibiri ta fuska biyu. Ga ruwan damina, ga kuma daular Sakkwato da ta kewaye ta ta kudu da yamma. Jama'a suka dunƙule a ɗan siririn zirin ƙasa mai bin gulbi, daga Tsibiri zuwa Maraɗi zuwa Jiratawa har Madarunfa, kowane gari da ganuwarsa ko shingensa na itace. Jigawar da ke sama daji ce, mafarauta da mahara kaɗai ke shigarta. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya kawo wa Tsibiri yaƙi, bai ci garin ba, kuma a hanyar komawa ya rasu a Katuru a 1842. Aliyu Babba da ya gaje shi ya shafe mulkinsa yana fafatawa da Mayaƙi. A 1851 wani Bajamushe mai suna Overweg, abokin tafiyar Barth wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratso ya ziyarci Maraɗi da Gobir, ya tarar da su tsaye da ƙafafunsu.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa dangina daɗi ba. Mu ma ba waliyyai ba ne. Dawakin Tsibiri da na Maraɗi sun kai hari ƙasar Zamfara da Katsina har zuwa ƙasar Kano, musamman zamanin Ɗan Baskore, sun ƙone ƙauyuka, sun kamo bayi, kamar yadda aka yi mana. Talakan da aka kama a gonarsa bai san Gawakuke ba, bai san Alƙalawa ba. Haka kuma masu cewa yaƙin Musulmi da arna ne aka yi ta yi sun sauƙaƙa lissafi da yawa. Sarakunan Tsibiri Musulmi ne masu limamai da malamai a fada, a gefe guda kuma ga Inna, wadda ke riƙe da sha'anin bori da al'adun gidan sarauta, kamar yadda Iya take a Maraɗi. Abubuwan biyu sun zauna a gari ɗaya, kuma har yau ana naɗa Innar Gobir.

Abin da maƙiyi ya kasa yi daga waje, rikicin gida ya yi shi. Wajajen 1860 Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar Gobir, ya ɓalle ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Gobir ta zama biyu, 'yan uwa na jini suna hararar juna. Maraɗi ma a ƙarshen ƙarnin ta faɗa rikicin naɗi da tuɓewa, Ƙaura Hasau ya fi sarakuna ƙarfi, har Sarki Mijinyawa ya bar gari ya koma Tasawa. A wannan hali Nasara ya same mu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shigar farko da wuta aka yi ta. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara za ta tafkin Cadi. Sun yi karo da Sarauniya a Lugu, sun yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, suka ratso ƙasar Gobir suna ƙone garuruwa suna kwashe hatsi da mata. Labarin ɓarnarsu ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe rundunar. Bai sha wuyar gane hanya ba, toka da gawa ne suka yi masa jagora, kuma a Tsibiri ya tarar da gawarwakin mata rataye a itatuwa. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe Klobb a Ɗankori, kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu suna Maijirgi. Wannan ita ce sallamar da Faransa ta fara yi mana.

Abin mamaki, a lokacin da ake wannan ta'asa, a takardar Turawa ƙasarmu ba ta Faransa ba ce. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar Tsibiri da Maraɗi a ɓangaren Ingilishi. Sai Faransawa suka ga hanyarsu daga kogi zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da ba rijiyoyi, suka dage sai an gyara. A 1904 aka yi ciniki. Faransa ta saki haƙƙin kamun kifi da take da shi tun da daɗewa a gaɓar wani tsibiri mai sanyi da ake kira Newfoundland, can kusa da Kanada. A madadin haka Ingila ta ba ta wasu ƙananan tsibirai a gaban Konakiri, da ɗan yanki a bakin kogin Gambiya, ta kuma yarda a tura iyakar nan kudu. Aka tabbatar da layin a 1906, ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu har 1908. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta zauna hannun Ingila. Duk lokacin da na tuna wannan sai in yi dariyar takaici: kifin wani tsibiri da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba shi ya yanke cewa ɗana da Faransanci zai yi karatu, ɗan ƙanen kakarsa kuma da Ingilishi.

Mulkin Faransa ya zo da abubuwa biyu a hannu. Da hari ya tsaya, mutane suka fita daga matsin fadama suka hau jigawa suna sheme daji. Yawancin ƙauyukan nan masu suna Gidan Wane da Garin Wane da ke arewa da mu a wannan zamani aka kafa su. Dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta samu hanya, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a Maraɗi, raƙuma da jakai suna kai kaya kudu. A ɗaya hannun kuwa ga lanho da sai an biya da kuɗi, ga aikin dole na gyaran hanya da ginin bariki, ga dokar da ta ba kwamandan ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta same mu a cikin wannan hali. A 1917, da Kawusan ya tsare Faransawa a Agadas, sojojin Ingilishi suka tsallako iyaka daga Najeriya don su riƙe wa Faransa kudancin ƙasar. A 1927 'yan mishan na SIM, masu magana da Ingilishi, suka kafa tasha a Tsibiri, wanda shi ne asalin Kiristocin Gobirawa da muke zaune da su lafiya har yau. Sarkin Gobir kuwa, wanda kakanninsa suka gagari Sakkwato, ya koma mai tara wa kwamandan haraji.

Yanzu na iso zamanin da na ji daga bakin wadda ta gani da idonta, kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta. A tsohon Tsibiri aka haife ta, tana da zanen Gobirawa a kumatu, kuma ba ta taɓa cewa yaƙin duniya na biyu ba. Ita dai "zamanin Fetan" take cewa.

A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa. Marshal Petan ya kafa gwamnati a garin Vishi mai ɗasawa da Hitila, Janar Digol kuma ya gudu Landan ya ce yaƙi bai ƙare ba. Ƙasashen da Faransa ke mulka suka rabu. Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Digol a watan Agusta 1940. Babban gwamnan Afirka ta Yamma da ke Dakar, Pierre Boisson, ya tsaya wa Petan, har ya kori jiragen ruwan Ingila da na Digol da suka zo karɓar Dakar a watan Satumba. Nijar tana ƙarƙashinsa, aka ɗora mata soja, Janar Falvy, a matsayin gwamna. Dare ɗaya Nasaran Maraɗi da Nasaran Katsina, waɗanda jiya suke cin abinci tare, suka zama abokan gaba. Aka rufe iyaka, aka baza masu gadi, aka rataye hoton Petan a ofisoshi da makarantu, aka sa wa 'yan mishan na Tsibiri ido ana zargin 'yan leƙen asirin Ingila ne. Mu da ke ƙarƙashin mamaya tun shekara arba'in, sai ga wanda ya mamaye mu shi ma an mamaye shi, kuma a kanmu ya huce.

Ka duba taswira ka gani. Kudu Najeriya ce ta Ingilishi, a rufe. Gabas Cadi ce ta Digol, a rufe. Arewa hamada. Teku kuma jiragen Ingila sun tsare. Fadamar da duk numfashinta ta Kano da Katsina yake fita ta sake komawa tsibiri. Kakata ta ce abin da ya fara ɓacewa shi ne yadi. Kantuna suka bushe, mata suka koma kaɗi da mazari, masaƙa suka samu kasuwar da suka daɗe ba su gani ba, amarya kan shiga ɗaki da zane ɗaya na saƙi. Kananzir ya ɓace, aka koma fitilar man gyaɗa. Ashana ta ɓace, aka koma ƙyastu da ɗiban wuta a maƙwabta. Goro, wanda ta kudu yake zuwa, ya zama sai mai hali ko mai ƙarfin halin bin dare.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ake karɓa. Ana karɓar gero, ana karɓar dabbobi, ana karɓar mutane. Tun bayan yunwar 1931 Faransawa suka tilasta rumbunan tsimi, kowane magidanci ya zuba rabonsa, ba ya kuma da ikon taɓawa sai da izini. Ta ce mahaifinta ya haƙa rami a ƙarƙashin turken awaki ya binne damman gero, ya zuba toka da kashin awaki a kai, aka gargaɗi yara cewa duk wanda ya yi maganar ramin bakinsa zai karkace. Ta ce har ta tsufa ba ta iya wuce turken awaki ba tare da ta kama bakinta ba.

Sai aka zo neman samari na aikin dole, sunan yayanta ya fito. Wanda ya kira sunan mai unguwa ne, aminin mahaifinsu, wanda suke cin tuwo a akushi ɗaya. Da magariba shi mai unguwar ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ya ce gobe da safe gardi za su zo, ya juya ya tafi bai ƙara kalma ba. A daren nan yayan ya bi kurmi ya yi yamma, ya tsallaka zuwa wurin dangi a Sabon Birni. Da gari ya waye gardi suka zo ba su same shi ba, suka tafi da tsohon a madadinsa. Ya yi wata biyu yana ɗaukar ƙasa a kai, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Yayan bai dawo ba sai bayan shekara uku, ya kawo mata tsarabar kwabon Ingilishi mai huda a tsakiya, ta zura shi a zare ta rataya a wuya. Na ga kwabon nan da idona a cikin adakarta.

Na taɓa tambayarta, shi mai unguwar nan maci amana ne ko mai ceto? Ta ce, "Kai yaro, shi ya kira suna, shi kuma ya zo da magariba. In bai kira ɗanmu ba sai ya kira nasa." Na daɗe ina juya wannan magana. Mu 'yan boko muna son mu raba mutanen da gida biyu, jarumai da 'yan koren Nasara. Waɗanda suka rayu a ciki sun san yawancin masu riƙe da jama'a gaba kura ce baya siyaki. Akwai waɗanda suka yi amfani da damar suka cika rumbunansu da geron talakawa, wannan gaskiya ne, jama'a kuma ba su manta gidajensu ba. Akwai kuma masu zuwa da magariba. Gudu zuwa Najeriya shi ne babban makamin talaka a shekarun nan, kuma ba gida ɗaya ba ne ko biyu suka yi shi. Iyakar da aka zana don a raba Gobir ita ce ta zama ƙofar tsira.

A watan Nuwamba 1942, bayan sojojin Amurka da Ingila sun sauka a Maroko da Aljeriya, Boisson ya sauya sheƙa, Afirka ta Yamma ta koma ɓangaren masu yaƙi da Hitila. Aka sauke hoton Petan. Amma duk wanda ya ce daga nan talaka ya huta bai tambayi tsofaffi ba. Yanzu kuma cewa aka yi a ba da gudummawar 'yantar da Faransa, karɓe-karɓen suka ci gaba, samari suka ci gaba da tafiya soja. Wasu sun dawo, su ne 'yan mazan jiya da muka taso muna gani da lambobinsu a ƙirji ranar biki. Wasu ko labarin inda aka binne su bai iso gida ba.

Yaƙi ya ƙare a 1945, kuma a daminar shekarar ne ruwan da ya tsare mu shekara ɗari ya juyo kanmu. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shiga tsohon birnin Maraɗi, gidajen ƙasa suka narke. Faransawa, waɗanda dama barikinsu a tudu yake, suka ce kowa ya hau sama. Aka yanka sabon gari da faffaɗan tituna masu fita daga dandalin fada, mutane suka ɗauko sunayen unguwanninsu suka hau da su: Bagalam, 'Yan Daka, Maraɗawa, Ɗan Gulbi, Limanci, Mokoyo. Tsibiri ma ta bar gindinta ta hau tudu. Kakata tana sabuwar amarya a lokacin. Ta ce abin da ta fita da shi tukunya ɗaya ce da tabarma da kwabon nan, kuma tsofaffi da yawa sun yi kuka, domin sun bar kaburburan iyayensu da itatuwan da suka san sunan kowannensu. Ranar nan Tsibiri ta daina zama tsibiri, sunan kawai ya hau tudu tare da mutane.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A watan Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin dole, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, aka kuma soke hukuncin kwamandan na ba shari'a. Aka samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Gyaɗa da cinikin iyaka suka haifi alhazan Maraɗi, birnin ya bunƙasa har ya kusa haɗiye Tsibiri da Jiratawa. Da fari ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi a 1984, mutanenmu suka raɗa wa yunwar suna 'Yar Buhari. Wajajen 1990 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a ɓangaren Najeriya, ruwan da ke malala a fadama ya ragu. Kurmin da ya gagari dawakin Atiku gatari ya gama da shi. A Jiratawa, tun farkon shekarun 1980, da rijiyoyin burtsatse da injin ake shayar da fili mai fiye da kadada 500, inda zogalen da ke cika kasuwanninmu yake fitowa. A 2010 gwamnati ta ɗaga sarautun Gobir da Katsinar Maraɗi zuwa darajar sultan, zamanin Sarkin Gobir Abdu Bala Marafa.

Akwai wasu ƙananan tsibirai na Ingila kusa da gaɓar Faransa, Jersey da Guernsey, waɗanda Jamus ta mamaye daga 1940 zuwa 9 ga Mayu 1945. Su ma sun ga yunwa, su ma shugabanninsu sun yi aiki da mai mamaya don dole, su ma har yau suna gardama a kan wanda ya ci amana da wanda ya yi dabara. Bambancinmu da su shi ne sun adana komai. Suna da gidajen tarihi, sun ɗauki muryoyin tsofaffinsu, kowace shekara suna hutu ranar da aka 'yantar da su. Mamayarsu shekara biyar ce, tamu sittin. Mu kuwa mafi yawan abin da aka rubuta a kan fadamar nan baƙi ne suka rubuta, irin su Guy Nicolas da Philippe David da Emmanuel Grégoire da Barbara Cooper, da Faransanci ko Ingilishi. Mun gode musu. Amma ni da na zauna gaban kakata shekara da shekaru ban taɓa ɗaukar muryarta ba, ga rediyo mai kaset a ɗakina ina jin waƙoƙi. Wannan laifina ne, ba na Nasara ba. Waɗanda suka ga zamanin Fetan da wayonsu yau sun haura shekara casa'in, kuma kowace damina ana raguwa.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni ya wuce son tarihi. Tun 2019 dubun dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji da Madarunfa, suna gudun 'yan bindiga. Da yawansu daga ƙasar Sabon Birni suke, Gobirawa ne masu irin zanen kakata. A watan Agusta 2024 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun yi garkuwa da shi. Kafin nan, a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta rufe mana iyaka, Najeriya ta yanke wuta, muka sake ɗanɗana zaman tsibiri na wasu watanni. A irin wannan matsi na ji da kunnena wani matashi a tashar mota yana cewa baƙin nan sun ishe mu, su suka kawo tsada da rashin tsaro. Da na tambaye shi garinsu, sai ya ce Tsibiri. Bai san a 1836 kakanninsa ne baƙin ba. Bai san a 1941 gidajen da yake ƙorafi a kansu su suka ɓoye samarin garinsu ba. Ban ga laifinsa ba sosai, tunda ba wanda ya faɗa masa.

Don haka ina da roƙo guda biyu. Ga matasa masu waya a hannu: duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa da ta ga tsohon gari, ya zauna gabanta wannan mako ya danna ɗaukar murya, ya tambaye ta ambaliya, da aikin dole, da sunayen ƙofofi da rijiyoyi. Ga fadar Gobir da ta Katsina da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kuma: a kafa alama a kufan tsohon Tsibiri da tsohuwar Maraɗi, a tanadi ɗaki guda da za a tara waɗannan muryoyi da Hausa, a riƙa kai 'yan makaranta.

Ni dai na yi wa ɗana alkawari, in Allah Ya kai mu damina, ranar da gulbi ya kawo, zan gangara da shi fadama in nuna masa inda ruwan yake. Kwabon kakata yana hannun ƙanwar mahaifiyata, ta ce za ta ba shi ya riƙe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mai da kowane ɗan gudun hijira ɗakinsa. Amin.